Tsaurin Idon Tahira

Duk wanda ya san Malama Lauratu a firamaren Kafin Marke ya san ba ta ɗaukar raini, ballantana daga ɗan aji ɗaya. Shekara goma sha uku tana riƙe da ƙananan azuzuwa, kuma doka ɗaya ce ba ta canzawa a ajinta: in babba na magana, yaro ya sunkuyar da kai. Haka aka yi mata a gidansu a Tsanyawa, haka ta yi wa 'ya'yan cikinta, haka kuma duk garin yake yi. Yaron da ya ƙura wa babba ido, sunan abin tsaurin ido, maganinsa kuwa tsumagiya.

To, cikin yara saba'in da ɗoriya da ke zaune a kan tabarmin ajinta akwai wata 'yar shekara bakwai, Tahira, 'yar wani manomi Malam Sha'aban. Siririya ce, ba surutu, ba faɗa da kowa. Laifinta ɗaya. Da Lauratu ta buɗe baki, sai yarinyar nan ta ɗago daga can layin baya inda mata ke zama, ta kafe ta da ido ƙur, ko ƙiftawa ba ta yi. A zangon farko kaɗai ta sha tsumagiya ya fi a ƙirga. Daga baya ta ɗauki darasi, ta daina ɗagowa. In ana karatun baki ɗaya sai ta riƙa motsa leɓe tare da kowa, in aka tambaye ta ita kaɗai sai ta yi tsit. Lauratu ta rubuta mata a katin sakamako wai ladabinta ya gyaru, amma kanta ba ya ja.

Ana cikin dogon hutun damina takarda ta zo, wai a turo malami ɗaya garin Kunci, bitar kwana biyar kan yadda ake koyar da yara masu lalura a aji ɗaya da sauran yara. Malamai maza kowa na gona, ba mai barin maimai ya tafi zaman benci. Sai hedimasta, Malam Dabo, ya ɗora wa Lauratu. Ta tafi ranta ba ya so. Ita dai ta san bita: a zauna, a yi hamma, a ci shinkafa da rana, a karɓi takardar shaida a koma gida.

Wadda ta zo horar da su wata gajeriyar mace ce daga kwalejin malamai a birni, Malama Safiyatu. Ba ta tsaya dogon jawabi ba. Ta ce, "Duk mai son yi min magana ya fuskance ni, kuma kada ya rufe baki. Kunnena ɗaya ya mutu tun ina yarinya, ɗayan ma lallaɓa shi nake."

Lauratu kuwa al'adarta ce, in za ta yi magana a gaban maza sai ta ja gefen hijabi ta kare baki. Da aka zo kanta ta faɗi sunanta, haka ta yi. Safiyatu ta tako har gabanta ta ce, "Yaya, ban ji ko ɗaya ba. Sauke hannun." Aka yi dariya. Lauratu ta sauke, amma ta ƙullaci matar a ranta.

Kwana biyu ana ta bayani: yadda za ka gane yaron da ba ya ganin allo, inda za ka zaunar da mai rarrafe don kada a tattake shi wajen fita tara, yadda ake raba wa mai jinkirin fahimta aiki kaɗan-kaɗan. Wasu na rubutawa, wasu na latsa waya a ƙarƙashin tebur, Allah dai ya kyauta. A rana ta uku Safiyatu ta shigo da ƙullin auduga. Ta ce kowa ya cusa a kunne, ya kuma danne da tafin hannu. Ta juya ga allo tana rubutu tana magana. Lauratu ba ta jin komai sai wani guuu, kamar injin niƙa daga nesa. Sai matar ta juyo, ta maimaita maganar tana fuskantarsu. Ikon Allah, sai ga kalmomi suna fitowa ɗai-ɗai: littafi, gobe, aji. Lauratu ta tsinci kanta ta miƙa wuya, ta kafe bakin matar da ido, ko ƙiftawa ba ta son yi kada wata kalmar ta kuɓuce mata.

Safiyatu ta rubuta a allo: Yanzu kowa ya sunkuyar da kai, kamar yara masu tarbiyya.

Maza suka tuntsire da dariya suka sunkuya. Lauratu ma ta sunkuya. Ba abin da take gani sai yatsun ƙafarta da simintin da ya farfashe, ba abin da take ji sai guuu ɗin nan. Ana magana a kanta, ta san ana yi, amma an rufe mata ƙofa ɗaya tak da ta rage. Nan take Tahira ta faɗo mata a rai. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da ta fara aiki. Da aka ce a cire audugar ita ce ta ƙarshen cirewa, don ba ta son a ga idonta.

Da aka tashi cin abinci ta bi Safiyatu har gindin darbejiya, ta fuskance ta da kyau, ta zayyana mata komai, har da tsumagiyar ba ta ɓoye ba.

Safiyatu ta ce, "Ta taɓa yin zazzaɓi mai zafi?"

Lauratu ta tuna shekarar sanƙarau, shekara uku baya, da aka binne yara huɗu a Kafin Marke cikin mako biyu. Tahira na cikin waɗanda suka tashi.

"Ni ba likita ba ce," in ji Safiyatu. "A kai ta asibiti a duba kunnen. Amma kada ki zauna jiran wannan. Dawo da ita layin gaba. Ki tsaya inda hasken taga ke dukan fuskarki. Kada ki ƙara yin bayani kina kallon allo. Ki taɓa ta kafin ki yi mata magana. Abu mafi wuya kuma, sai kin warware abin da kika ƙulla. Ke kika hana ta kallo, ke za ki koya mata."

Ranar da aka koma makaranta, Lauratu ta hau aji biyu tare da yaranta, ta kuma rushe tsarin zaman da aka gada. Mata gefe guda, maza gefe guda, kowane ɓangare daga gaba har baya. Tahira ta samu kan tabarmar farko, daidai inda malama ke tsayawa. Kafin tara labari ya kai ofis. Malam Dabo ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya sha toka.

"Malama, tun da aka kafa makarantar nan maza ne a gaba."

"Malam, aji ne, ba sahun salla ba."

"Daga zuwa bitar kwana biyar?"

"Kai ka tura ni. Da ka tafi da kanka, da kai za ka zo kana gaya min."

Ya yi ƙwafa ya tafi. Ya san halinta, in ta kafe ba mai tanƙwara ta.

Amma wuyar aikin ba a wajen hedimasta take ba. Da Lauratu ta matso ta miƙa hannu za ta taɓa kafaɗar Tahira, sai yarinyar ta dunƙule, ta kare kanta da hannu biyu. Abin ya soki Lauratu har cikin zuciya. Kullum da tara sai ta tsayar da ita, ta durƙusa a gabanta, ta nuna idon yarinyar, ta nuna bakinta. Tahira ta ɗago kaɗan ta mayar. Haka aka yi ta yi har kwana tara. A rana ta goma ta ɗago ta tsaya. Lauratu ta ce a hankali, tana buɗe baki sosai, "Ki yafe min."

Yarinyar ta ce, da wata murya mai ɗan kauri da ba a saba ji ba, "To, Malama."

Daga nan fa sai abu ya buɗe. Wai kanta ba ya ja! Cikin mako biyar Tahira ta haɗa baƙi da wasali, ta rubuta sunanta da na babanta, ta fara ɗaga hannu. Lauratu kuwa ta sha wuya da kanta, don shekara goma sha uku tana magana da allo, sau nawa take tsintar kanta ta juya baya, sai ta yi tsaki ta juyo ta sake daga farko. Sauran yaran ma suka amfana, ko da yake ba don su aka fara ba.

Sai dai yaro ba ya ajiye abin da ya koya a bakin ƙofar aji. Tahira ta kai kallonta gida. Ranar sunan ɗan ƙanin babanta, Liman ya ga ta wuce ta zaure ya tambaye ta ko 'yar wace ce. Yarinya ta matso daf da shi, ta ɗaga kai ta zuba wa bakin dattijon ido, a gaban mutanen gari kaf. Kafin azahar magana ta zaga: malamar boko, baƙuwar nan 'yar Tsanyawa, tana koya wa yara tsaurin ido.

Ranar Alhamis Malam Dabo ya kira Lauratu ofis. Har da ɗan murmushinsa na wanda maganarsa ta tabbata.

"Malam Sha'aban ya aiko. Daga Litinin 'yarsa ta bar zuwa. A cire sunanta."

"Ba zan cire ba."

"Uba ne fa ya ce. In kuma gaskiyarki ce ba ta ji, ai irinsu suna da makarantarsu a birni."

Birni, ka ji fa. Wa zai ɗauki yarinya 'yar shekara bakwai daga Kafin Marke ya kai ta kwana a birni? Shi kansa ya san in Tahira ta bar ajin nan ta bar karatu ke nan har abada, sai tsinkar gyaɗa da ɗiban ruwa da shan duka a kan kiran da ba ta ji ba. Lauratu ta ce, "Rajista a hannuna take, Malam. Ranar da ka karɓe ajin sai ka cire da hannunka."

Asabar da la'asar ta gaya wa mai gidanta inda za ta. Ya ce ta bi a hankali. Ta ce to, amma ba ta yi alkawari ba.

Lokacin cirar gyaɗa ne, gonaki sun cika da mutane. A wannan yankin gona na jingine da gona, ba ka yin tari a taka maƙwabci bai ce maka sannu ba, don haka tun daga nesa aka hango ta ana ɗagowa ana kallo. Ta ratsa ta kan iyaka tsakanin dawa da wake har gonar Malam Sha'aban. Yana tsaye yana tara harawa. A gindin ɗorawa matarsa, Luba, tana zaune da yara suna tsinkar gyaɗa a ƙwarya. Tahira na cikinsu, ta ba hanya baya.

Lauratu ta russuna ta gaishe shi, ya amsa a daƙile. Suka tambayi aiki, suka tambayi gida. Sannan ya jingine mayayin da ke hannunsa.

"Malama, na san abin da ya kawo ki. Na ba ki yarinya mai kunya, kin dawo min da mai tsaurin ido. Har Liman. Ni aka kalla a zauren nan, ba ke ba."

"Baban Tahira, ba raini ba ne. Ba ta ji sosai. Da ido take kama magana, daga bakin mai yi."

Fuskarsa ta canza. "Kurma kike nufi."

"Ban ce haka ba."

"Kada ki liƙa wa 'yata suna a garin nan. Mace ce, gobe gidan wani za ta. Tana magana, tana ji in ta ga dama. In na daka mata tsawa ai tana juyowa. Taurin kai ne kawai, kuma ke kika ƙara mata."

Hannun Lauratu na riƙe da gefen hijabi a bakinta, idonta a ƙasa, yadda ta saba tsayawa a gaban kowane namiji da ba nata ba. Sai ta ji ranta ya ɓaci, da shi, da garin, da ita kanta ma. Ta saki hijabin, ta ɗago ta dube shi ido cikin ido. Daga gonar maƙwabta wata mata ta dakata da aikinta.

"Ban zo sa mata suna ba, kuma ban zo neman alfarma ba. Yarinyar nan ta fi rabin ajina ƙwaƙwalwa. Ba zan zuba ido a zaunar da ita a gida a kan laifin da ba nata ba. Kira ta ka gani."

Ya yi kamar ba zai kira ba. Amma mutane na kallo, kuma mace ta ƙalubalance shi a gonarsa. Ya juya ya ce, "Tahira." Shiru. Ya ƙara. Hannunta na ta tsinkar gyaɗa. Sai da uwar ta taɓa ta ta nuna mata, sannan ta taso. Da ta ga malamarta fuskarta ta washe. Ta zo gaban uban ta tsaya, ta ɗaga kai ta kafe bakinsa da ido.

Ya ce, ba da ƙarfi ba, haƙora a cije, "Sauke idonki daga kaina."

Nan take ta sunkuyar da kai.

Ya juyo ga Lauratu. "Kin gani? Sau ɗaya na faɗa. Wannan ce ba ta ji?"

"Sake yi mata magana yanzu. Da irin wannan muryar."

Ya yi tsaki. "Tahira, je ki ɗauko min buta."

Yarinya na tsaye, kai a ƙasa, hannu a haɗe a gaba, cikakkiyar mai ladabi yadda yake so.

"Tahira. Buta na ce."

Ko motsi.

Ya matso taku ɗaya. Muryarsa ta sauka, ba tsawa a cikinta yanzu. "Tahira, ni ne. Ɗago."

Ba ta ɗago ba. Yana tsaye a kanta, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba, tana kallon ƙasar da ke tsakanin yatsunta tana jira a sallame ta.

Sai aka ji sheshsheƙa daga gindin ɗorawa. Luba ce. Ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, ni na daɗe da lura. Tun tashinta daga ciwon nan. Tsoron faɗa maka na yi."

Malam Sha'aban ya mayar da ido kan Tahira. Ya daɗe yana kallon tsakar kan 'yarsa. Da ya yi magana, kamar da kansa yake yi. "Shekara uku ina dukanta a kan kira."

"Ni ma na doke ta, shekara guda cur," in ji Lauratu. "Ban zo don na fi ka ba. Ni dai an nuna min ne kafin kai. Ya kamata a kai ta asibiti a duba, wataƙila akwai abin da za a yi. Amma Litinin ina jiranta. In ba ta zo ba zan dawo gonar nan, Talata ma haka, har garin nan ya gaji da ganina."

Ya tattare rigarsa ya durƙusa, gwiwa biyu a kan kunyar gyaɗa, mutumin da ko gaban dagaci gwiwa ɗaya yake kaiwa ƙasa. Ya miƙa hannu. Tahira ta zabura ta kare kai. Hannun ya tsaya a sama. Sannan ya sa yatsa ɗaya a haɓarta ya ɗago ta a hankali.

Ta dube shi a tsorace, ta saci kallon malamarta. Lauratu ta gyaɗa mata kai.

To, ga shi ga ta. Bai taɓa yin magana da wani cikin 'ya'yansa yana kallonsa ba. Da ƙyar ya ce, "Kin ci abinci?"

"Na ci, Baba."

"Me kika ci?"

"Ɗanwake."

"Kina son makarantar?"

"Ina so. Na iya rubuta sunanka."

Ya kau da kai gefe ya goge fuska da hannun riga. Ya fara wata magana a haka, sai ya tuna, ya juyo ya fuskance ta ya sake daga farko. "Litinin ki tafi. Liman kuma ni zan same shi."

Lauratu ba ta yi godiya ba, don a ganinta ba kyauta aka yi mata ba. Ta yi wa Luba sallama ta kama hanya ta kan iyakar gona, kanta a ɗage, matan maƙwabta na bin ta da ido. Da ta kai bakin dawa ta waiwaya. Yana nan a durƙushe, ya bar harawa a warwatse. Tambayarta yake ta yi, sunan akuyarsu, sunan ƙawarta, ko ƙwarya nawa ta cika yau, abubuwan da duk ya san amsarsu, ita kuwa tana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya.